Anti Ragel da Teburin Waɗanda Ba Sa Sha

Duk ranar da jirginmu ya taso daga Johannesburg zuwa Cape Town, a tsakiyar busasshen filin Karoo gari yake waye mana, kuma motsin da za ka fara ji a taragon cin abinci na Anti Ragel Fortuin ne. Ita ba da gaisuwa take fara aiki ba, da kofuna take farawa. Takan ɗauko su ɗaya bayan ɗaya, ta kara a bakin butar ruwan zafi tururi ya doke su, ta goge da farin ƙyalle, sannan ta ɗaga ta leƙa a hasken taga. In ta ga ko alamar yatsa ce, kofin ya koma layi. Sai ta gama wannan take turo ƙofar kicin da ƙugu ta leƙo ni. Boeta take ce mini, wato ɗan'uwa.

"Boeta Sedick, kana raye ko in nemo wani kukun?"

"Ina raye, Anti. Ke ce dai jiya kika yi ta minshari har direba ya zaci injin ne ya samu matsala."

"Ji ƙarya a bakin mai salla! Miƙo mini shayi."

A tsaye take shan shayin, daga nan ta shiga taragun kwana. Babu wanda ya ɗora mata wannan zagaye, ita ta ɗora wa kanta. Za ta murɗa famfon banɗaki ta ji ko ruwan wanka ya yi zafi, ta duba ko tawul ya ishi kowa, ta karɓo kwalbar madarar jariri ta kawo mini in ɗumama. In ta tarar an bai wa tsohuwa gadon sama, ba ta barin ɗakin sai ta lallashi wani saurayi ya yi musaya da ita, kuma saurayin zai riƙa jin kamar shi ne ya kawo shawarar. Kafin ta dawo ta san wanda bai yi barci ba, da wanda za shi biki, da wanda za shi gaisuwar mutuwa, da ma'auratan da suka kwana ba sa magana.

Ainihin aikinta kuwa sai hantsi ya yi. Ita ce mai zaman ɗanɗanon giyar inabi, wanda fasinja ke biya daban da kuɗin tikitinsa. Ana yinsa ne daidai lokacin da jirgi zai gangara kwarin Hex, gonakin inabi dama da hagu, mutum yana kallon inda abin ya fito yana jin labarinsa. Shekara ashirin da wani abu tana wannan aiki, kuma a watan jiya ta ajiye shi.

Na san akwai masu cewa, me ya haɗa Sedick Kamaldien, ɗan unguwar Salt River ta Cape Town, jikan limami, da yabon mai zuba giya? Ni dai tun da aka haife ni ko ɗigo bai taɓa shiga bakina ba, kuma a haka nake fatan in koma ga Allah. Kicin ne nawa, kwalabe nata, kuma a duk tsawon zamanmu ba ta taɓa bari kwalba ɗaya ta ƙetaro ƙofata ba. Cikin azumi ma, da yake kicin ɗin jirgi ba shi da tagar kirki, ita ce ke tsayawa tana duba mini rana. Da ta faɗi sai in ji an buga ƙofa, hannu ya miƙo dabino da ruwa, ana cewa, "Sha, kafin ka faɗa cikin tukunyar mutane." Ba kwalbar nake yabo ba. Matar da ke riƙe da ita nake yabo, kuma ku saurara ku ji dalili.

A wata gona cikin wannan kwarin aka haife ta, a zamanin da ake biyan masu tsinkar inabi wani ɓangare na ladansu da giya. Da safe a zuba wa mutum a gwangwani, da rana a ƙara, da yamma a cika masa. Mahaifinta gwanin gyaran reshe ne, mai barkwanci, mai son 'ya'yansa, amma gwangwanin nan ya cinye shi tun bai tsufa ba. Na taɓa tambayarta yadda aka yi wadda ta ga haka ta zaɓi wannan sana'a. Ta ce, "Boeta, ko ina nan ko ba na nan za a zuba. Gara mai zubawar ta zama wadda ta san abin da ke cikin kwalbar." Shi ya sa a teburinta sai ka ci burodi da cuku kafin ka ga kofi. Abin da take zubawa bai wuce ya jiƙa harshe ba, ga ruwa a gefe, ga ɗan bokitin tofarwa. In ta ga idon mutum ya fara canzawa, sai ta dafa kafaɗarsa ta ce, "Kai ka ci jarrabawa, ranka ya daɗe, ga gahawa mai zafi nan tafe," kuma ko wane ne kai zancen ya ƙare ke nan.

Lungelo, mai shimfiɗa gadaje, yana son ba da labarin ranar da injin ya tsaya mana a Karoo cikin zafin Disamba, wajen da ko inuwar itace babu. Ya ce shi dai ya ga Anti Ragel ta wuce shi da gudu rungume da bokitin ƙanƙarar da ake sanyaya farar giya, ta nufi taragun zaune inda talakawa suke, da jarirai da tsofaffi. Ta yi sawu ta sake sawu har ta kwashe ƙanƙarar kaf. Da lokacin ɗanɗano ya yi, ta tsaya gaban waɗanda suka biya ta ce, "Yau da ɗumi za ku sha. Ƙanƙararku tana can a goshin 'ya'yan mutane. Mai ƙorafi ya zo in raka shi ya karɓo abarsa da hannunsa." Babu wanda ya yi ƙorafi. Wasu ma tulun ruwa suka ɗauka suka bi bayanta.

Amma abin da ya sa na ɗauki alƙalami, ni na gan shi da idona, har da hannuna a ciki.

Lokacin tsinkar inabi ne. Wasu dattijai biyu suka hau a Klerksdorp da la'asar, Ntate Seleke da matarsa Mme Kedibone. A yarensu Ntate da Mme kamar a ce Baba da Mama ne. Shi dogo ne, tsohon ma'aikacin ramin zinariya, ya sha kwat da malafa, takalmi na ƙyalli kamar za shi ɗaurin aure. 'Yarsu, ma'aikaciyar jinya, ita ta saya musu tikitin ɗakin kwana don murnar cikarsu shekara arba'in da aure, ta biya komai da komai har da zaman ɗanɗano. Dukansu ba su taɓa ganin teku ba. A wajen cin abincin dare Ntate ya haɗu da wasu tsofaffin malaman makaranta da za su Paarl bikin abokinsu, jagoransu wani mai jan fuska da ƙatuwar murya da ake kira Oom Dirk, wato Kawu Dirk. Ba mutanen banza ba ne, raha ce kawai ta yi musu yawa. Suka shaƙu nan take, suka rabu a kan gobe tebur ɗaya za su zauna.

Washegari da safe Mme Kedibone ta zo ƙofar kicin wai tana son ruwan zafi. Na zuba mata, amma ba ta tafi ba. Anti Ragel ta dube ta sau ɗaya, ta jawo ta ciki, ta zaunar da ita a kan buhun fulawa, ta rufe ƙofa.

"Mme, faɗa mini. Wannan kukun kurma ne in an zo maganar mata."

Matar ta ce, "Mijina ba ya sha. Ya fi shekara ashirin rabonsa da ita. Amma kafin nan, 'yar'uwa, babu abin da bai sayar ba a gidanmu, har gadon da muke kwana. Sai da aka kwantar da shi asibiti, likita ya ce in ya ƙara to ya yi sallama da mu. Yarinyar nan tana ƙarama lokacin, ba ta san komai ba, mu kuma ba mu taɓa gaya mata ba. Ita a ganinta gata ta yi mana."

"Shi me ya ce?"

"Wai kurɓi ɗaya ne, kuma ai tofarwa ake yi. Wai 'yarsa ta biya, ga shi ya yi wa mutane alkawari, ba zai zauna kamar wani maras lafiya ana nuna shi ba." Ta share ido da gefen ɗankwali. "Na san mijina. Shi ba shi da kurɓi ɗaya. Don Allah kar ya san na zo nan, kunyar za ta fi giyar yi masa illa."

Ni na ga abin da sauƙi. Bayan ta fita na ce, "Anti, ki ce masa wuri ya cika kawai."

"Wuri ya cika, alhali abokansa na zaune suna ajiye masa kujera? Ka hana dattijo a gaban maza, ai sai ya wuce kantin tarago ya saya da kuɗinsa don ya nuna shi ba yaro ba ne. Wannan ba hana shi za a yi ba. Abin da ya fi kujerar can girma za a ba shi." Ta tsaya tana kallon kwandunana. "Inabi nawa gare ka?"

"Na kayan zaƙi ne, kuma ba a taɓa mini."

"An taɓa."

Da jirgi ya tsaya a Touws River, kafin ya gama tsayawa ma, ta dira ƙasa da shekarunta da ƙibarta, ta nufi matan da ke sayar da inabi a bakin tasha. Duk ta san su da suna. Ta dawo da akwati a ka, wani a hammata: farin hanepoot mai ƙamshi, baƙi mai kaurin fata, da wani ja ƙanana mai ɗan tsami. Daga nan zuwa kwarin ba nisa, mu kuwa ba mu da injin matsa. Muka zuba a manyan tukwane, na kama dakawa da abin da nake murƙushe dankali, ita tana tsince ƙananan rassan. Da aka zo tacewa rariyata ta yi ƙanƙanta. Sai ta leƙa waje ta ƙwala kira.

"Lungelo! Kawo mini rigunan matashin kai, sababbin wanki."

Ya kawo, bai san na mene ne ba. Da ya ga ta juye baƙin inabi cikin farar rigar matashi tana murɗawa, sai ya ɗora hannu a ka.

"Anti, kin kashe ni! Me zan ce a wajen wanki?"

"Ka ce fasinja ya yi mafarki mai launi. Riƙe nan, murɗa, kai ba ka ci abinci ba ne?"

Haka mu uku muka cushe a kicin ɗin da mutum biyu ma da ƙyar suke juyawa, jirgi yana wurgi da mu, ruwan inabi har gira. Muka cika tuluna uku, muka tura cikin ƙanƙara. Ta wanke hannu, ta sauya rigar aiki, ta gyara gashi, ta fita kamar wadda ta tashi daga hutu. Ni kuma na tsaya a bakin ƙofa ina leƙe.

Taragon ya cika. Ntate Seleke yana tsakiyar su Oom Dirk, matarsa a gefensa ta ƙura wa cinyarta ido. Anti Ragel ta sa an shimfiɗa wani tebur daban kusa da babbar taga, da farin ƙyalle da mafi kyawun kofunanta. Ta fara zuba wa na nesa, ta zo kan Oom Dirk ta zuba masa, sannan ta tsaya gaban Ntate da kwalba a hannu, ba ta karkata ta ba.

"Ntate, ina da matsala, kuma na duba taragon nan kaf kai kaɗai na ga za ka fitar da ni. Yau ina gwada sabon abu, ruwan inabin kwarinmu da aka matse yanzun nan, iri uku, ko kwana bai yi ba. Alƙali nake nema mai lafiyayyen harshe ya faɗa mini wanda ya fi. Waɗannan," ta nuna su Oom Dirk da haɓa, "harshensu ya yi ritaya tun kafin su yi."

Aka kwashe da dariya, Oom Dirk ya fi kowa.

"Sai dai da sharaɗi," in ji ta. "Alƙalina ba ya haɗa biyu. In ka hau waccan kujera, ka bar wannan ke nan."

"Haba Anti, za ki sace mana mutum!" in ji Oom Dirk. "Ruwan yara za ki ba namiji kamar wannan? Ungo, ɗan'uwa, shanshana nawa tukuna ka ji abin da za ka bari." Ya tura masa kofinsa. Bai san komai ba, bawan Allah, shi a wajensa karamci ne.

Ntate ya ɗauki kofin. Ya kai hanci. Mme Kedibone ta rufe ido, leɓenta na motsi. Anti Ragel ba ta matsa daga inda take ba. Daidai nan jirgi ya shige dogon ramin da aka huda cikin dutse, tagogi suka yi baƙi ƙirin, ƙarar ƙafafun jirgi ta cika ko'ina. Ntate ya juya wajen taga. Daga baya ya gaya mana cewa fuskarsa ya gani a gilashin, riƙe da kofi, kuma ya gane mutumin, ya san inda ya baro shi.

Ni dai a bakin ƙofa duk addu'ar da ta zo bakina sai da na karanta.

Haske ya dawo, kwarin ya buɗe a gabanmu kore shar har gindin duwatsu. Ntate ya ajiye kofin a hankali, ya tura wa mai shi. Ya miƙe, ya gyara kwat, ya miƙa wa matarsa hannu.

"Alƙali kika ce, ko? To ina kujerar alƙalin? Kuma ni ba na zaman shari'a sai da uwargida."

Ban san lokacin da na yi kabbara ba, har wasu suka waiwayo. Anti Ragel ta hango ni, ta zo ta kama ni da hular girki da komai.

"Ga mataimakin alƙali. Wannan tun da uwarsa ta haife shi bai taɓa sha ba, harshensa sabo ne fil, ko ledar ba a cire ba."

A duk shekarun da na yi a jirgin nan, ranar na fara zama a taragon cin abinci lokacin ɗanɗano. Ta zuba mana na farko da irin yangar da take zuba mai tsada, ta faɗi sunan inabin, da gefen dutsen da yake fitowa, da sunan matar da ta sayar mata. Ntate ya ɗaga kofi a haske, ya juya shi, ya shanshana, ya kurɓa, ya lumshe ido.

"Wannan," in ji shi da muryar manyan alƙalai, "akwai zuma a cikinsa. Akwai rana. A can ƙarshe kuma ina jin wani ɗan ƙamshi kamar na matashin kai."

Lungelo, da ke laɓe a bayan ƙofa, ya zube ƙasa don dariya. Mme Kedibone ta yi dariya har hawaye, kuma Allah kaɗai ya san wanne ne na dariyar wanne ne na wancan. Wata mai juna biyu da ta rako mijinta tana zaune a takure ta ce ko za a san da ita. Aka matso mata kujera. Wasu 'yanmata biyu masu lulluɓi da suka leƙo daga taragon hutawa suka shigo. Wani fasto ya ce shi ma ai harshensa lafiya lau. Kafin mu kai De Doorns sai da aka haɗa tebur uku. Can sai ga Oom Dirk ya taso da kofi wanke a hannu yana sosa ƙeya.

"Ranka ya daɗe alƙali, ko za a taimaka wa mai ritaya da ɗan kaɗan?"

"A ba shi na yaran," in ji Ntate. "Amma ya tsaya a layi."

Hanepoot ne ya ci gasar, duk da ni jan na zaɓa aka ce mataimaki ba shi da ƙuri'a.

Da muka doshi Cape Town, babban dutsen da ke bayan birnin ya fara bayyana, Ntate ya zo ƙofar kicin shi kaɗai, malafa a hannu. Anti Ragel tana jera kofuna.

"Ta gaya miki, ko?"

"Wa? Me?"

"Mme, kin iya matse inabi, amma ba ki iya ƙarya ba." Ya yi murmushi, idonsa ya kawo ruwa. "Da kin hana ni, da na sha. Ina so ki san wannan. In mun koma zan zaunar da 'yata in gaya mata ko wane ne ubanta a da. Ta isa ta sani, kuma daga bakina."

Ita dai hannunsa ta riƙe ta ce, "Je ka nuna wa matarka teku, Ntate. Ka cire takalman nan masu ƙyalli kafin ka shiga."

Bayan wasu watanni wata mata ta hau jirginmu tana tambayar ina Anti Ragel. Da aka nuna mata, rungume ta kawai ta yi a tsakiyar tarago ta daɗe ba ta saki ba. 'Yar Ntate Seleke ce. Ta ce mahaifinta yana nan lafiya, kuma duk baƙon da ya je gidan sai ya ji labarin ranar da aka naɗa shi alƙali a jirgin ƙasa.

Tebur na biyu kuwa bai sake tashi ba. Manajanmu ya yi ɗan gunaguni a kan rigunan matashi, da ya ga yadda mutane ke tambaya sai ya sayo injin matsa, aka sa abin cikin jerin abubuwan da fasinja zai iya biya. In babu ɗanyen inabi, takan haɗa da jan shayinmu na rooibos mai sanyi da ruwan tuffa na Ceres. Na ga alhazai a teburin nan, na ga masu shan magani, na ga direbobin da mota ke jiransu a tasha. Na kuma ga mutane da yawa masu irin idon Ntate Seleke, waɗanda ba wanda ya tambaye su dalili, ba su kuma faɗa ba. Suna zama ne kawai a ba su kofi mai kyau irin na kowa.

Anti Ragel, yanzu da ke nake. Ke ce kika tashi a gidan da kwalba ta rushe, amma ba ki bar zuciyarki ta yi ɗaci ba. Ke ce kike duba fuskar mutum kafin ki duba tikitinsa. Ke ce kika san cewa a tsare wa dattijo lafiyarsa abu ne mai kyau, amma a tsare masa ita tare da mutuncinsa ya fi wuya, kuma wahalar kika zaɓa. 'Yar kwarin Hex, uwar tarago, mai faɗa da safe mai dabino da yamma. Addininmu ba ɗaya ba, abincinmu ma ba kullum yake ɗaya ba, amma ban taɓa aiki da wanda ya kiyaye mini nawa kamar ke ba. Na gode. Lungelo ya gode, duk da har yau yana cewa ke kika fara sa masa furfura. Waɗanda suka zauna a teburinki suka sauka lafiya, da matansu da 'ya'yansu da ba su ma san sunanki ba, na ari bakinsu na ce sun gode.

Ku kuma da kuke aikin hidimar jama'a, a jirgi ne, a otal ne, a kanti ne ko a asibiti, ga abin koyi. Abin da aka rubuta muku a takardar ɗaukar aiki shi ne mafi ƙanƙantar abin da za ku iya yi. Ku riƙa ɗaga kai kuna duban wanda ke gabanku. Wani abin da ya biya ba shi yake buƙata ba, kuma ba zai iya faɗa ba.

Ranar tafiyarta ta ƙarshe mun haɗa baki. Da lokacin ɗanɗano ya yi, muka ƙwace kwalbar daga hannunta, muka zaunar da ita a kujerar taga, sabuwar ma'aikaciyar da ta horar ta tsaya a kanta tana zubawa, fasinjoji suna tafi. Ta yi ta mutsu-mutsu kamar an ɗora ta a kan ƙaya. Sai da jirgi ya gangara kwarin ta natsu, ta kafa goshi a gilashi tana kallon gonaki da 'yan fararen gidajen ma'aikata suna wucewa.

"Ashe haka wurin nan yake da kyau," in ji ta a hankali. "Kullum baya nake ba shi, ina fuskantar mutane."

A Worcester ta sauka, jikokinta sun cika tasha da furanni da ihu. Jirgi ya fara motsi, ina tsaye a ƙofa ina share ido da hular girki, sai na ga ta ratso jama'a tana bin taragon da sauri tana ɗaga wata 'yar takarda.

"Boeta! Kar ka yi saurin murna! Na sayi tikiti, wata mai zuwa ina tafe, ɗakin kwana, gadon ƙasa. Ka gaya musu su shirya, fasinja mai fitina na zuwa!"

Muna jiranki, Anti. Allah ya kawo ki lafiya.